Ranar da Bature ya cire mini hula a bakin Misisifi

Duk wanda ya ga bidiyon nan da aka ɗauke ni a bakin kogin Misisifi a guruf ɗinmu na WhatsApp, ya sani daƙiƙa 40 kacal ya gani, kuma wanda ya ɗauka ba ya ƙaunata. Ga yadda aka yi.

Daga wajen sunan nan muka fito, ina sanye da farar shaddata ta Sallah, sai mutuminku na Zariya ya ce tunda da sauran rana, mu tsallaka jihar Wiskonsin ta nan Amurka ya nuna mini wani wasa. Geocaching sunan manhajar. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani da takarda a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi wayarka har ka gano, ka rubuta sunanka, ka mayar. Na ce nawa ake samu? Ya ce ko sisi. Wai tun shekarar 2000 ake yi, da gwamnatin Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin GPS, wani mutum a jihar Oregon ya ajiye bokiti a daji ya ce a nemo. A nan ya kamata in ce a sauke ni.

Muka bi ta Prescott, inda kogin St. Croix ke zubawa cikin Misisifi, muka kama hanya mai lamba 35. Ba zan ci haƙƙin hanyar ba, ta yi kyau: duwatsu a hagu, ruwa a dama, layin dogo a tsakani. Biyu na farko shi ya gano. Da muka wuce Stockholm, wani ɗan ƙauye da mutanensa ba su kai ɗari ba amma ya ɗauki sunan babban birnin Suwidin, sai ya tsaya a wani fili gefen titi ya ce, "Wannan naka ne, Alhaji." Ya miƙo mini waya, ya koma mota wurin kilishin da aka aiko mini daga gida.

Waya ta ce saura ƙafa 10. Na matsa, ta ce 18. Na dawo, ta ce 6, kibiyar tana juyi kamar ɗan bori. Daga ƙarshe dai ta tsaya a kan ƙarfen nan da ake kafawa gefen hanya don tare mota. Na leƙa ta sama, babu. Na tsuguna, babu. To fa, tunda an fara ai sai a ƙarasa. Na durƙusa gwiwa biyu, na kai goshi dab da ƙasa, na zura hannun dama ta ƙarƙashi cikin ciyawa ina lalube.

Ban ji tsayuwar motarsu ba. Shirun ne ya yi mini yawa, na ɗan karkata ido ta ƙarƙashin hammata. Wani dattijon Bature ne tsaye da matarsa da jikarsu da kare. Dattijon ya cire hularsa ya dafe ta a ƙirji, ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta sa yatsa a baki tana hana yarinyar magana, ɗaya hannun ta danne kan karen. Sun ga mutum da doguwar riga da hula, goshi a ƙasa, sun yanke hukuncin ibada yake yi, suna jira ya idar.

Jama'a, ku faɗa mini me mutum zai yi. In na zabura na tashi, za su ce sun katse wa bawan Allah sallah. In na ci gaba da zama, na zama mai sallar ƙarya, wannan kuma tsakanina da Ubangijina ne. Ga hannun rigata ya maƙale a wani noti. Ina cikin wannan lissafi sai na jiyo murya daga tagar mota, baki cike da kilishi: "Allah gafarta Malam, alƙibla tana bayanka!" Abin haushin ma gaskiya ya faɗa, don ni kogi na fuskanta, mu kuwa a nan arewa maso gabas muke kallo.

Daidai lokacin yatsuna suka taɓa wani abu a ɗaure. Na ce alhamdu lillahi, ga mafita, zan tashi da abin a hannu kowa ya gane. Na fizgo, hannun shadda ya ce kyat, na miƙe na ɗaga sama har da murmushi. Koriyar leda ce, an ƙulle bakinta da kyau. Mai laushi. Rana ta ɗumama ta. Sai da na ɗan matsa ta, wai in ji ko akwai takarda, kuma ledar ba sabuwa ba ce. Karen ne ya fara ganewa, ya kaɗa jela kamar ya ga saƙon ɗan'uwansa.

Yarinyar nan da ba za ta wuce shekara shida ba ta dubi wayar da ke ƙasa, ta dube ni, ta taka zuwa ƙarfen, ta sa hannu ta baya ta ciro ɗan akwati mai maganaɗisu, bai fi kwalin ashana ba. Daidai inda hulata take goga tun ɗazu. Ta ce sun samo shi tun bara.

Amma ba ita nake riƙe da ita a rai ba, kakanta ne. Da ya gane ba sallah nake ba, sai ya ga ya samu baƙo, ya mayar da hula ya buɗe makaranta. Ina tsaye, hannu a miƙe can nesa da jiki kamar mai tare tasi, yana gaya mini wannan faffaɗan ruwan da suke kira tabkin Pepin ai Misisifin ne da kansa, yashin da kogin Chippewa ke kwasowa ne ya toshe shi daga ƙasa ya kumbura har wajen mil 22. Na ce to. Ya nuna wani allo ya ce kusa da nan wani Bafaranshe, Nicolas Perrot, ya kafa sansani a 1686, bayan shekara uku ya tsaya ya shelanta cewa duk ƙasar ta zama ta sarkin Faransa, alhali ga 'yan ƙabilar Dakota a zaune. Na so in ce masa mutanen Damagaram sun san wannan sana'a, amma in na buɗe baki sai in shaƙi iska. Ya wuce kan jirgin ruwan Sea Wing da guguwa ta kifar a 1890, mutum 98 suka rasu. Ya dawo kan dutsen Maiden Rock da muka baro, da labarin yarinyar da aka ce ta faɗo daga kansa saboda auren dole, labarin da a wata rana zan saurara da kunne biyu.

Duk wannan, ga ruwa iya ganin ido, amma gangare da layin dogo sun raba mu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Butar da nake yawo da ita kuwa an sauke ta da safe don a sa kulolin suna.

Sai da ya gama tsaf, wajen minti 25, ya laluba aljihu ya ciro kwalbar man tsaftace hannu ya ce ko ina buƙata. Tana aljihunsa tun farko! Tun Perrot! Mutumin da ya cire mini hula saboda ladabi, a ce bai ga hannuna ba? Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji wani abu ya tokare ni. Matar dai ba ta da laifi, sau biyu tana jan rigarsa.

Takardar cikin akwatin a jiƙe take, biro kuma babu. Yarinyar ta ara mini fensir, na yi wani zane da hagu. Mutuminku ya shigar da shi a manhaja da sunansa, wai ai wayarsa ce. Kilishi kuwa ya cinye, ya ce ya ga hannuna ba na cin abinci ba ne.

Uwargida ta ce shaddar ba za ta shiga injin wankinta ba, tana nan a gareji cikin leda. Wanda ya san telan da ya iya gyaran hannu a Minneapolis ya yi mini magana.