Ni da Ƙofa ta 22

Ranar da oga ya ce ya gaji da ganina ina tura rahoto da hannu kowace yamma, sai na bugi ƙirji na ce kafin a tashi aiki manhajar sarrafa ayyuka za ta karɓi wannan wahalar. Gurbi huɗu ne fa kawai za a cike: adireshin sabar (kwamfutar da ake tura wa rahoton), lambar ƙofa, sunan shiga da kalmar sirri. Har na tausaya wa masu cewa aikin da wuya.

Manhajar ta tambaye ni hanyar tura fayil da nake so, FTP ko SFTP. Na ɗauka S ɗin nan kwalliya ce, na zaɓi gajeren sunan. Ta cike min lambar ƙofa 21 da kanta, na danna gwaji, sai ga jan rubutu. Ashe ba uwa ɗaya ta haife su ba. FTP tsoho ne tun 1971, kuma tsirara yake ratsa intanet da kalmar sirrin mutum. Shi kuwa SFTP ta cikin SSH, wato hanyar sadarwa mai ɓoye bayanai, yake bi a rufe, ƙofarsa 22. Kusan awa guda na yi ina ƙwanƙwasa ƙofar da aka toshe.

Da na gyara, sai ta ƙi kalmar sirrina. Na sake, ta ƙi. Na yi ta sakewa da ƙarfi, kamar zafin danna madanni zai lallashe ta, har sabar ta ɗauke ni ɓarawo ta toshe adireshina gaba ɗaya.

Dole na kira mai kula da sabar, na lanƙwasa murya.

"Injiniya, sabar ɗinku fa ta lalace."

"Malam, kai ne kake ta dukan ƙofa tun ɗazu? Mu ba ma karɓar kalmar sirri. Ƙirƙiri makulli ka turo min."

Na ƙirƙira, fayil biyu suka fito. Ɗaya sunansa ya ƙare da .pub, layi guda tal, ɗayan kuma dogo mai kwarjini. Ni da ba na son a ce na yi rowa, na tura masa dogon, a zauren hirar ma'aikata kuma, don kowa ya ga ina aiki.

Ban san Injiniya yana da irin wannan muryar ba. Ya ce gajeren shi ne kwaɗon da ake maƙalawa a sabar, dogon kuwa mabuɗi ne da ko matata bai kamata ta gani ba. Muka soke, na ƙirƙiri sabo. Wajen liƙa shi a manhajar ma sai da na share layin farko da na ƙarshe masu jerin karan ɗori, wai ina tsaftacewa. Ja kuma. Na mayar da su, ina kunkuni.

Ƙarfe shida na yamma kore ya bayyana. Na saita lokacin turawa, na ga taurari biyar a gurbin, suka ba ni sha'awa, na bar su yadda suke. Har na sa a riƙa ƙara lokaci a sunan fayil don kada wani ya danne wani.

Ƙarfe takwas na safe wayata ta yi ƙara.

"Malam, taurari biyar na nufin kowane minti. Rahotonka 840 ne a nan. Wanne zan kai wa oga?"