Ledar da muke cewa ruwa ya tafi da ita

Ina zaune a Manchester, kuma akwai wani kogi Tame da nake zuwa bakinsa wajen Denton in na gaji da zaman ɗaki. In ka kalle shi ba za ka ce yana da wata matsala ba, agwagi na ta wanka abinsu. Ashe a 2018 masu bincike na Jami'ar Manchester sun fitar da rahoto cewa sun ɗebi lakar ƙasansa suka tarar da ɓurɓushin roba sama da 500,000 a murabba'in mita ɗaya. Robar da ba ta kai milimita 5 ba, wata ma ido ba ya ganinta. Kuma suka ce ambaliyar hunturun 2015 zuwa 2016 ta kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ke kwance a kogunan yankin ta yi teku da shi.

Wallahi tun da na ji haka Jakara, koginmu na Kano, ta tsaya min a rai. Nan Ingila fa ana kwashe shara, leda ma saye ake yi, fene 5 tun 2015 yanzu ta koma 10, amma ga abin da ke ƙasan ruwansu, to ina ga mu da ko sabulu ɗaya ka saya sai mai shago ya ninka maka leda biyu kyauta? Na sha gani da idona a unguwarmu, hadari na haɗuwa sai a fito da kwandon shara a juye a kwata, ledar fiya wata da ta awara da robar lemo, wai ruwa ya tafi da su. Ina za su je? Rana ce za ta gasa su su yi ƙamas su murmushe su kwanta a laka, har dam ɗin Wasai a Minjibir, inda masunta ke kamun kifi, masu lambu kuma na ban ruwa a hanya. Tarwaɗa kuwa a laka take kiwo, abin da ta tsinta shi ta haɗiye.

Ni ban ce a hana fiya wata ba, talaka shi yake sha. Amma a yashe kwatoci kafin damina, a kuma kwashe abin da aka yaso kar a bar shi tsibi a bakin kwata ruwan farko ya mayar da shi. Sannan jami'o'inmu na Kano su ɗebi lakar Jakara da ta Challawa su auna su faɗa mana a rediyo, da Hausa.