Ranar da Kawu Ya Zare wa Teku Filogi

Waɗanda suka zo gidana a watannin baya sun ga tankin gilashin da nake kiwon kifin teku a ciki, don haka ba sai na tsawaita bayani ba. Tsawonsa santimita 150, faɗinsa 60, zurfinsa 60, wato yana ɗaukar kusan lita 540, kuma da yake kowace lita ta ruwan gishiri ta ɗan haura kilo ɗaya, idan aka haɗa da gilashin da duwatsu da yashi, abin da na girke a falo ya zarce rabin tan nesa ba kusa ba. Na sa an ƙera masa teburin ƙarfe, na tace ruwan da na'ura domin ruwan famfo yana ɗauke da kulorin da wasu sinadarai masu haifar da gansakuka, sannan na narkar da gishirin teku na musamman kusan kilo 19, gwargwadon giram 35 a kowace lita kamar yadda yake a teku. A ƙarƙashin teburin akwai ƙaramin tanki na biyu, inda ruwa yake gangarowa a tace shi kafin inji ya sake tura shi sama ta bututu.

Ba a zuba kifi a sabon tanki. Kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce, kuma sai an jira wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a jikin duwatsu suna mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret, wadda ba ta kai su guba ba, aikin da yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida. Domin a samu amoniyar farko, na jefa mataccen jatan lande guda ɗaya ya ruɓe a ciki. A daidai wannan lokacin ne Allah ya kawo Kawu.

Kun san Kawu. Ya tsaya gaban gilashin ya goya hannuwansa a baya, ya duba dama, ya duba hagu, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin duwatsu, sannan ya ce, "Yaro, ina kifin?" Na fara yi masa bayanin bakteriya cikin ladabi, amma ban kai rabi ba ya nuna jatan landen da yatsa ya ce ai ga shi nan na riga na kashe na farko. Tun daga ranar ya riƙa faɗa wa dangi cewa na shiga kiwon duwatsu, har wata gwaggo da ba ta taɓa kirana ba ta bugo waya tana tambaya ko lafiya nake. Da gansakuka mai launin ƙasa-ƙasa ta rufe yashin, abin da yake faruwa a kusan kowane sabon tanki kafin ya lafa da kansa, Kawu ya ce duwatsun ma sun fara ciwo. Ya kuma nace cewa gishiri gishiri ne, asara kawai na yi da ban ɗebo na girki ba, alhali na teku yana ɗauke da kalsiyam da maganisiyam da sauran abubuwan da dabbobin ruwa ke bukata. Wannan mutum ne da bai taɓa kiwon ko kaza ta rayu a hannunsa ba, amma wannan wani zance ne.

Da gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun sauka zuwa sifili, na saka 'yan kifaye biyu masu launin lemo da fararen ɗamaru uku, tare da 'yan dodon koɗi masu cin gansakuka, na daidaita zafin ruwan a digiri 25, na gayyaci mutane. Na sa fararen kaya. Ina tsaye ina bayyana wa baƙi aikin na'urar kumfa, wadda take tattaro dattin ruwa cikin wani ɗan kofi, sai na ji ƙarar injin ta ɗauke ɗif.

Idan injin ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu yakan juya da baya, ya riƙa zuƙo na tankin sama zuwa na ƙasa har sai iska ta shiga bakin bututun. Bakin nawa yana santimita biyar a ƙarƙashin ruwa, kuma a tanki mai wannan faɗin kowane santimita lita tara ne, wato lita 45 ke nan za su gangaro cikin tankin da sararin da ya rage masa bai kai rabin haka ba. Na san da wannan sarai, shi ya sa na huda ɗan rami a jikin bututun dab da saman ruwa domin iska ta shiga ta katse zuƙowar. Abin da ya faru shi ne, a duk faɗin tankin nan, wani dodon koɗi bai ga wurin zama ba sai a kan ramin.

Na fara jin sanyi a tafin ƙafata. Na duba ƙasa, na ga ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin teburin yana bin kafet a natse. Na yi tsalle na hau kujera, na cusa hannuna cikin tankin har hammata domin in ture dodon koɗin, shi kuwa da ya ji an taɓa shi sai ya ƙara manne wa bututun. Na toshe bakin bututun da babban yatsa, na juyo da kaina ina neman wanda zai taimaka, sai na hangi Kawu zaune a gefen soket, wayarsa tana caji, filogin injina yana kwance a ƙasa. Na ce, "Kawu, don Allah ku mayar da filogin nan!" Ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce cikin kwanciyar hankali, "Saura kaɗan ta kawo, yaro, kifi ai ba ya nutsewa."

Ina nan a kan kujera, hannu ɗaya a teku, hannun rigata ya sha ruwa yana tsiyaya ta gwiwar hannu zuwa cikin aljihuna, baƙi kuma sun ɗaga ƙafafunsu sama suna kallo. Yaran maƙwabta sun ɗauka cikin shirin ne, suka fara tafi. Uwargida ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba, ta juya ta ɗauko bokiti da tsummoki ta ajiye a gabana maimakon ta miƙa wa wani. Daga ƙarshe ƙanena ya zare cajar ya mayar da filogin, injin ya tashi, kuma da yake tankin ƙasa ya cika maƙil, na'urar kumfar da na gama yabo ta tumbatsa, kofinta ya yi ambaliya. Duk wanda ya taɓa shinshina abin da ke taruwa a kofin nan ya san dalilin da ya sa baƙi suka tuna suna da wasu uzurori. Na sauko daga kujerar, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin ruwan, da fararen kayana, a gaban surukaina. Kawu ya leƙo ta saman kaina ya ce, "To, yanzu dai ga babban kifi ya fito."

Kifayen ko a jikinsu. Kafet ɗin ya bushe ya bar farin gishiri wanda har yau yake ƙaiƙayi a ƙafa. Na huda rami na biyu, na ɗaga bakin bututun sama, na kuma sa wa soket ɗin murfi mai kwaɗo, wanda uwargida ta ce ya yi muni a falo. Kawu ya manta cajarsa a gidan, ya aiko a karɓa, na ce a faɗa masa ana kan dubawa.