Ranar da na shafa wa surukina man takalmi

Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Kun dai san kujerar nan tawa ta fata mai cin mutum uku, wadda na shekara 4 ina hana yara ɗora ƙafa a kanta. To, magen da aka kawo mana riƙo "na kwana biyu" ta gama da ita. Hannun kujerar na dama ya zama kamar an bi shi da cokali mai yatsu, duk fatar ta yi tsiri-tsiri, gefen da ke kallon taga kuma rana ta cinye shi, ya koɗe ya koma kalar tsohon kwali. Farata 18 gare ta, biyar-biyar a ƙafafun gaba, hurhuɗu a na baya. Ni na ƙirga da kaina ranar da na danne ta zan yanke su, kuma da fatar hannuna na biya kuɗin ƙirgar.

Sai aka ce Baba zai zo ranar Asabar. Baban maman yara nake nufi.

Dama mako guda kafin nan ƙanin matata ya rantse mini cewa man zaitun shi ne maganin, wai a waya ya gani. Na shafa a hannun kujerar, ya bi ta cikin yakushin ya shige, wurin ya yi wani baƙin tabo mai faɗin tafin hannu, ko'ina ka taɓa maiƙo. Don haka daren Juma'a na ce wannan karon ba na neman shawarar kowa, da kaina zan yi tunani. Tunanin kuwa shi ne: takalmi fata ne, kujera ma fata ce. Ina da man takalmi ruwan ƙasa gwangwani biyu. Me ya rage?

Wallahi ta yi kyau. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na shafa, na bi da buroshi, na goge da tsohuwar singileti har kafaɗata ta riƙe, kujera ta fito tana ƙyalli kamar yau aka sauke ta daga mota. Har hoto na ɗauka. Maman yara ta leƙo ta ce, "Abban yara, anya kuwa? Ni warin nan bai kwanta mini ba." Na ce mata ta bar wa masu ilimin abin.

Baba ya iso da rana tsaka, cikin farar riga fat, ta sha guga har tana tsayuwa da kanta. Ga kujeru a falon nan har uku da babu abin da ya same su. Ya nufi ta kusa da ƙofa, ni da bakina na tare shi na ce, "A'a Baba, bismillah nan, ta fi laushi." Ni na kai shi. Har matashi na gyara masa. Wannan wurin nake ta maimaitawa a kaina in na kwanta: mutum ya kama hanyar tsira, na dawo da shi.

Awa biyu ya yi a zaune, ga zafi, fanka tana juyawa kamar an yi mata dole. Ya jingina, ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a kan hannun kujerar nan mai man zaitun, yana ba mu labari. Da ya yi niyyar tafiya ya yunƙura, sai muka ji wani sauti, ɗaaas, irin na filasta in an ɓare ta a hankali. Ya miƙe. Ya juya zai ɗauki hularsa.

Jama'a, kujerata gaba ɗaya tana bayan Baba. Tun daga kafaɗa har ƙasa. Ba tabo ba ne kawai, hoto ne, har layin ɗinkin kujerar da maɓallanta guda biyu sun fito raɗau. Maman yara ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa na buɗe baki na ji babu miyau. Falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar nan. Can sai autarmu, mai shekara 3, ta ja zanen uwarta ta ce da ƙarfi, "Umma, Kaka bai kai bayi ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Baba ya jawo bayan rigar ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ɗago a natse ya ce, "Malam, wane irin fenti ne wannan?" Na durƙusa na ce, "Baba, ba fenti ba ne, man takalmi ne." Ya ce, "Na takalmi." Na ce, "E, Baba." Ya sake duban rigar, ya dubi kujerar, ya ce, "To tsakanin ni da ita, wane ne takalmin?"

Da faɗa ya yi da na samu sauƙi. Bai yi ba. Rigata na ɗauko masa, kun san kuma tsawona da nasa, hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu, haka ya fita har mota yana cewa ba komai, ba komai.

Shi kuwa ƙanin matata, wannan yaron, ina ganinsa ta wutsiyar ido ya shige bayan labule, labulen yana ta rawa. Mutumin da shi ya fara ɗora ni a kan wannan hanya. Mutumin da shi ya kawo magen tun farko, wai zai yi tafiya, yau wata 8 ke nan, ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, in aka yi maganar mage sai ya ce ai ta saba da mu, raba ta da yara zalunci ne. Cajata tana wurinsa. Famfon tayar motata yana wurinsa. Ranar da na kira shi ya kama mini kujerar nan mu matsar da ita daga bakin taga ya ce bayansa na ciwo, da yamma na gan shi yana buga ƙwallo. Amma labarin rigar Baba, kafin magariba ya isar da shi ga duk dangi, har da ƙarin cewa wai na yi kuka. Ban yi kuka ba. Warin man ne ya shiga mini ido.

Ranar Litinin na kira mai gyaran kujerun fata. Ya zagaya ta sau biyu, ya lakato man da yatsa, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai gyaran gangar Auzinawa aka yi." Ya ɗiga ruwa digo ɗaya a bayan kujerar inda ban shafa komai ba, ruwan ya tsaya cak bai shige ba. Ya ce ka gani, wannan fata ce mai rufin fenti a sama, da wadda aka rina kawai ce ba rufi da ruwan ya nutse wurin ya yi duhu. Shi man takalmi kakin zuma ne da launi, a kan irin wannan fatar ba ya shiga, zama yake yi a sama yana jiran ɗumin jikin mutum. Na ce ya samu.

Man zaitun ɗin ma ya fi ba shi wahala, don mai in ya shiga fata fenti ba ya kamawa, sai da ya wanke wurin sau uku da maganin cire maiƙo. Daga nan na zauna ina kallon abin da ya kamata a ce na yi. Ya bi tsirin nan da ƙaramin almakashi ya datse waɗanda suka yi gashi-gashi, waɗanda suka ɗago kamar ɓawo kuma ya riƙa lakato gam da tsinken sakace yana kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya goga sanfefa mai laushi, lamba 1200, ya cike ramukan da wani farin abu mai kauri, siriri-siriri, yana jira ya bushe kafin ya ƙara. Launin ma haɗa shi ya yi, ya gwada a ƙarƙashin matashi inda ido ba ya kaiwa. Shafi 4 ya yi da soso, yana busarwa da na'urar busar da gashin maman yara, sannan ya bi da abin rufewa, ya ce kar kowa ya zauna sai bayan kwana biyu. Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Musamman mai farar riga." Ashe shi ma labari ya kai masa.

Ya ce ita mage ba mugunta take yi ba, tsohon kuben farcenta take cirewa, tana kuma barin warin tafin ƙafarta a wurin don a san nata ne. Wato a lissafinta ni ne ɗan haya. Ya ce in samo mata gungume in naɗe shi da igiya, in kafa kusa da kujerar. Na samo, na naɗe, yini guda na ɓata. Ta zo ta shinshina, ta wuce, ko a jikinta, wai an tsikari kakkausa. Yanzu ƙafar teburin take yi wa aiki.

Rigar Baba tana nan wurin mai wanki, karo na uku ke nan. Layin ɗinkin ya fita, maɓallan ne suka ƙi. Jiya Baba ya kira maman yara, suka gaisa, ya ce ta gaishe da baduku.