Yadda na goge bikin ƙanwata, na tono sirrin Kawu

A gidanmu ni ne injiniya. Ba don na karanta injiniyanci ba, tarihi na yi a jami'a. Abin da ya jawo mini wannan sarauta shi ne wata rana wayar Umma ta daina ƙara, aka yi ta jimami za a kai ta kasuwa, na karɓa na ga an sa ta a shiru ne, na danna ta dawo. Tun daga ranar duk abin da ke da maɓalli a zuriyarmu, daga rimot har injin markaɗe, ni ake kira.

To da bikin ƙanwata ya matso, aka zauna lissafi, mai ɗaukar bidiyo ya faɗi kuɗinsa, falo ya yi tsit. Sai Gwaggo ta waiwayo ta dube ni ta ce, "Mu da muke da injiniya a gida?" Nan take Kawu ya ce ai yana da kyamara, Sony Handycam, wadda ya sayo a Saudiyya shekarar da ya sauke farali. Washegari ya kawo ta a jakarta, har da katin memori mai giga 32 a ciki. Ya ce in ɗauka hankali kwance, ya goge duk abin da ke kai, katin fes yake. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ranar kamu na sha shadda, na rataya kyamara, ina ratsa mata ina cewa "a ɗan ba ni hanya" da muryar wanda ya saba. Gwaggo ta ja ni gefe tun kafin a fara. Ta canzo sababbin kuɗi, 'yan ɗari biyu-biyu, bandir guda, ta kuma ji labarin cewa gwaggon ango ma ta shiryo. Ta ce, "Kai, idan na fito liƙi, ko amarya ce ta faɗi kada ka juya. Ni za ka ɗauka." Na ce an gama, Gwaggo.

Ta fito, na danna jan maɓalli, na bi ta da kyamara tun daga takardar farko har ta ƙarshe. Ta gama na sake dannawa, na sauke hannu, na nufi wajen abinci. Can bayan an ci an sha ta aiko yaro wai in zo ta ga kanta. Allon kyamarar ƙarami ne, ni kuma ina so a san da laftof na zo, sai na buɗe murfi na zare katin. Akwai wata 'yar jar fitila a gefen ramin katin, tana ta ƙyaftawa. Na gan ta sarai. Na ɗauka ado ce.

Na sa katin a laftof, mata sun kewaye ni, turare kamar zai shaƙe mutum. Sai Windows ta fito da wani ɗan akwati da Turanci, wai sai an yi fomatin wannan kati kafin a iya amfani da shi. Na zare, na hura masa iska, na goga a hannun riga, na mayar. Akwatin nan dai. Gwaggo ta leƙo ta ce me ya ce. Na ce, "Cewa ya yi hoton ya yi nauyi, sai an je gida." Allah Ya yafe mini.

A gida da daddare, ni kaɗai, na yi abin da har yau idan na tuna nake jin kunyar kaina. Akwatin ya tambaye ni, na ce to, wataƙila fomatin nan gyara ne, na danna. Ko daƙiƙa goma bai yi ba ya ce an kammala. Katin ya buɗe lafiya lau, wayam, ko ƙura babu. Cikina ya ɗuri ruwa. Don in tabbatar kyamarar ba ta lalace ba, sai na mayar da katin na ɗauki fankar ɗakina tana juyawa har minti biyu. Ta ɗauka tar. Na kwanta da 'yar nutsuwar cewa ko ba komai kayan Kawu lafiyarsu ƙalau.

Kwana uku ina ɓuya. Aka ɗaura aure, aka kai amarya, ni kuwa duk inda na hango ɗaurin ɗankwalin Gwaggo sai in canza hanya. Shawara kuwa na sha ta. Wani abokina ya ce in binne katin a cikin shinkafa, na ce masa ai ba ruwa ya faɗa ba, ya ce duk da haka. Na sauke wata manhaja daga intanet, ta yi awa biyu tana bincike, ta jero mini fayiloli reras, har na fara hamdala, sai ta ce in biya da dala kafin ta sake su. Kamar mai garkuwa da mutane, har da nuna maka shaidar suna raye.

Rana ta huɗu na tafi kasuwar 'yan waya. Aka yi ta miƙa ni daga shago zuwa shago har na dire wajen wani yaro a can lungu, wanda ba zai wuce shekara ashirin ba, yana cin gurasa. Ya karɓi katin, bai ce komai ba, ya tura wani ɗan makulli da ke gefensa ƙasa da farce. Duk juya katin nan da na yi ta yi, ban taɓa lura da makullin ba. Ya ce wannan shi ke hana a rubuta komai a kai. Sannan ya fara yi mini tambayoyi kamar alƙali.

"Yallaɓai, da ka zare shi fitila tana ci?"

Na ce tana ɗan ƙyaftawa.

"Ka yi fomatin?"

Na ce kwamfuta ce ta nema.

"Bayan nan ka ɗauki wani abu a kai?"

Na ce fanka kawai.

Ya ajiye gurasar. Ya dube ni irin kallon da likita ke yi wa wanda ya sha maganin da aka ce a shafa. Sannan ya yi mini bayani, kuma gaskiya ya iya bayani. Ya ce katin kamar sito ne da littafin mai sito. Kaya suna ciki, littafi kuma shi ke faɗin buhu kaza yana kusurwa kaza. Jar fitilar nan tana nufin mai sito yana tsakiyar rubutu; da na zare katin, fizge littafin na yi alƙalami na kai, shi ya sa kwamfuta ta kasa karantawa. Fomatin gaggawa irin wanda na yi kuwa sabon littafi ne fari aka ajiye, buhunan suna nan ba wanda ya taɓa su. Abin da ke kashe kaya shi ne a shigo da sabo, domin mai sito ya ɗauka ko'ina fili ne, sai ya jibge shi a kan na da, kuma yawanci daga bakin ƙofa yake farawa.

"Wato fankarka," in ji shi, "ta hau kan minti biyun farko na bikin."

Minti biyun farko shi ne shigowar Gwaggo cikin leshinta.

Ya fara kwafe katin gaba ɗaya zuwa cikin kwamfutarsa, ya ce a kan kwafin za a yi aiki, asalin a bar shi ya huta. Sai ya buɗe wata manhaja mai suna PhotoRec, baƙin allo da farin rubutu, ba hoto ba ado, kamar kwamfutar zamanin da. Ya ce kyauta ce, wani Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta ta. Ita ba ruwanta da littafi. Sito take shiga ta bi buhu ɗaya bayan ɗaya tana shafa bakinsa, domin kowane irin fayil yana da alamar da yake farawa da ita. Ya ƙara da cewa na yi sa'a kyamarar a tsarin AVCHD take ɗauka, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, mai fayilolin MTS. Shi wannan a ƙananan ƙulli-ƙulli yake zuba bidiyo, ko an datse shi a tsakiya abin da ya samu shiga yana buɗewa. Da MP4 ne, jadawalinsa sai an tsayar da ɗauka ake rubuta shi, idan aka katse kafin nan sai an nemo wani lafiyayyen fayil daga kyamarar an yi masa dashe. Na gyaɗa kai kamar dama na sani.

Aka ɗauke wuta sau biyu, na sayi fetur aka zuba a janareto. Wajen la'asar ya ce an gama. Folda ta cika da fayiloli, ba mai sunansa na asali, ba kwanan wata, sai harafin f da dogayen lambobi. Ya ce dogon bidiyo zan gan shi gunduwa-gunduwa, kada in tsorata, irin wannan katin ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, kyamara ce ke yanka shi da kanta. Muka buɗe guda uku da VLC, manhajar kallon bidiyo, ga amarya, ga ƙawaye, ga kiɗa. Na kusa rungume yaron. Ya ce, "Yallaɓai, fayilolin sun fi na biki yawa fa, ka zauna ka tace kafin ka kai." Na ce ba komai. Na juye duka a filash, na biya shi, na kira Umma na ce a tara jama'a.

Bayan sallar isha'i falonmu ya cika. Gwaggo a kujerar gaba. Kawu ma ya zo karɓar yabon kyamararsa, da matarsa Hajiya a gefe. Na soka filash a talabijin, na harɗe.

Abu na farko da ya fito fanka ce. Minti biyu cur tana juyawa. Na ce gabatarwa ce.

Daga nan biki ya kankama, aka yi ta shewa, kowa na nuna kansa. Gwaggon ango ta fito liƙi, ta fito tar, har ana iya ƙirga kuɗin. Gwaggo ta gyara zama. Ga ta nan ta miƙe a allo, ta taka tsakiyar fili, ta zuge jaka, ta sa hannu. Ɗif. Hoto ya yanke.

Abin da ya biyo baya takalma ne. Takalman mata, ƙafar kujera, ledar ruwa, da gefen shaddata tana lilo. A nan na gane abin da ya faru, na ji gumi ya keto mini. Ashe lokacin da Gwaggo ta fito kyamarar tana kan ɗauka tun tuni, dannawar da na yi tsayar da ita na yi. Da ta gama na sake dannawa, sai na kunna. Wato ba katin ne ya ci liƙin Gwaggo ba, ban taɓa ɗaukarsa ba. Kuma kyamarar tana rataye a wuyana tana aiki har lokacin da na fizge katin. Sauti kuwa, ma sha Allah, garau. Falo guda ya ji muryata ina ce wa mai rabon abinci ta ƙara mini cinya, ni ne mai bidiyo. Ya kuma ji ina ce wa wani ɗan'uwanmu, "Gwaggo fa 'yan ɗari biyu ne, yawa ne kawai."

Na yi ƙoƙarin kare kaina. Na ce ai alheri ne, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙa kuɗi a wajen biki, yanzu ga shi ba wata shaida a kanta, gwaggon ango ce ke cikin hatsari. Gwaggo ba ta ce uffan ba, ta dai fara laluben takalminta, kuma ba don ta tafi ba.

Allah Ya kawo mini ɗauki ta inda ban zata ba. Talabijin ɗin da kanta take wucewa fayil na gaba. Sai ga Kawu ya cika allo, zaune a falonsa, da babbar riga da hula, yana gyara kyamara a kan tebur. Ya koma ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, kin san dai ita rayuwa... a'a."

Ya sake gyara zama. "Hajiya, akwai wata 'yar magana, kuma ba wai don kin gaza ba ne..." Ya girgiza kai. A karo na uku ya ɗaure fuska, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ni ne mai gidan nan, na yanke shawara zan ƙara aure!" Sai aka ji motsin ƙofa a cikin bidiyon, Kawun allo ya zabura har hularsa ta karkace, ya ce, "Na'am? Labarai nake ji!"

Kawun falo kuwa ya yi tsalle ya nufi rimot, ya danna, ya ƙara sauti. Idan na taɓa ganin mutum ya tsufa a gabana, to ranar ce. Ya ce da ni cikin raɗa mai ƙarfi, "Na goge fa! Wallahi na goge!" Na ce, "Kawu, littafin ka goge, buhunan suna nan." Bai gane ba, kuma ba lokacin bayani ba ne.

Hajiya ko gezau. Ta ƙura wa allo ido, ta ce, "Wannan labulen ai tun kafin korona na cire shi." PhotoRec ta kasa dawo da kwanan wata, Hajiya ta dawo da shi da labule. Ta juya ta dubi mijinta ta ce, "To Alhaji, shekara nawa ke nan, har yanzu ba ka gama haddar ba?" Gwaggo ta yi dariya har ta manta da takalmi.

Washegari da sassafe Kawu ya zo karɓar kyamararsa. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ja ni bayan gida ya ce in faɗa masa tsakani da Allah yadda ake goge abu ya gogu. Na ce ya rufe idon kyamarar ya bar ta tana ɗaukar duhu har katin ya cika, sabo ya hau kan tsoho ko'ina. Ya tambayi awa nawa zai ci, na ce kamar huɗu. Ya ce ba shi da wannan lokacin. Ya leƙa madafa ya ce a miƙo masa turmi da taɓarya.

Yana tsakiyar daka wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Ta ce filash ɗin jiya yana jakarta, in zo in nuna mata yadda ake tura abu mai nauyi ta WhatsApp.