Mutum-mutumin shara a gidanmu na unguwar Nima a Accra

Tun da ɗan yayata ya aiko mana da mutum-mutumin shara daga Ingila, irin mai kama da faifai da ke zagaya ɗaki yana tsotse ƙura, aikin gidanmu ƙaruwa ya yi. Irin waɗannan na'urori sun shiga kasuwa tun farkon shekarun 2000, amma ga dukkan alamu an ƙera su ne domin gidan da babu tabarma, babu dokin ƙofa, babu kuma jikoki masu watsa shinkafa a ƙasa idan suna cin waakye, wato shinkafa da wake. Kafin a kunna na'urar dole ne a naɗe sallaya, a tattara wayoyin caja da silifas, domin da zarar ta ci karo da gezar darduma sai ta shaƙe ta kama ƙara. Da hunturu kuwa, ƙurar da ke shigowa ta taga kan cika ɗan akwatinta kafin ta gama falo. Tsakar gida, inda ainihin sharar take, ko kusa ba ta zuwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yara, waɗanda yanzu idan uwarsu ta miƙa musu tsintsiya sai su ce ai na'ura tana caji, alhali kowa ya san an ɗauke wuta tun safe.