Baƙo ko da ido makaho ne: abin da Bature ke gani a jiragen Sin

Bature ɗan kasuwa in ya dawo daga ƙasar Sin, labarinsa kusan guda ne. Zai fara da filin jirgin sama na Daxing da aka buɗe a Beijing a 2019, ya ce bai ga irinsa a Landan ba. Daga nan sai ƙorafi: an rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel, amma jirgi ya kafe a ƙasa har awa biyu, ma'aikaciya na ta rabon abinci tana ba da haƙuri. Ya nemi ruwan sanyi, aka miƙo masa na ɗumi a kofin takarda, domin a can an ɗauki ruwan ɗumi a matsayin kula da lafiya.

Ni a ganina, ba duk yabon ke kan hanya ba, haka ma ƙorafin.

A batun jinkiri, ba matuƙi ne mai laifi ba, ba kuma lallai kamfanin ne ba. Sojojin ƙasar ne ke riƙe da mafi yawan sararin samaniya, jiragen fasinja kuwa 'yan hanyoyi ƙalilan aka bar musu. In hadari ya taso ko sojoji na atisaye, sai layi ya tsaya. Shi ya sa wanda ya san gari yakan hau jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa, ya ci kilomita 1,318 daga Beijing zuwa Shanghai cikin kusan awa huɗu da rabi. Arhar tikitin jiragen Sin ma da Baturen ke murna da ita tana da dalili. Tun 2022 jiragen Turai ba sa ratsa sararin Rasha, sai sun yi zagaye, na Sin kuwa suna bi kai tsaye. A 2024 kamfanin jiragen Birtaniya, British Airways, ya dakatar da zuwa Beijing.

Inda Baturen ya fi ruɗewa shi ne wajen karamci. An tarbe shi da mota a filin jirgi, mai masana'anta ya miƙo masa katinsa da hannu biyu, da dare an zaunar da shi a kujerar girma da ke fuskantar ƙofa, tebur mai juyawa ya cika da kwanuka, ana ta cika masa ƙaramin kofi da giyar baijiu ana cewa "ganbei", wato a shanye. Ya tashi biyan kuɗi, an riga an biya. Sai ya koma gida ya rubuta cewa babu mutanen da suka kai Sinawa son baƙo. Ban ce ƙarya yake ba, girmama baƙo tsohuwar al'adarsu ce. Amma wannan liyafa rabin ciniki ce, mai gida na gina alaƙar da zai ci moriyarta gobe. Tun Disambar 2023 ma ɗan Faransa ko Jamus yana shiga ƙasar ba tare da biza ba.

To a tambayi ɗan Kantin Kwari da ya bi ta Addis Ababa ya sauka Guangzhou, bayan ya sha wahalar biza. Shi ma kuɗi ya kai, wani lokaci kwantena guda zai cika da atamfa da leshi. Da yawansu sun sami abokan arziki a can, wannan gaskiya ne. Sai dai ba su manta Afrilun 2020 ba, lokacin korona, da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi, har Femi Gbajabiamila, kakakin majalisar wakilai na lokacin, ya kira jakadan Sin a Abuja ya nuna masa bidiyon abin da ke faruwa. Wannan ba ya cikin labarin da Baturen ya kawo gida.